Ƙarfe Tara a Recife

Ƙarfe tara, Recife kan yi tsit.
Mai sayar da kwakwa a bakin gada ya ajiye addarsa,
direban tasi ya tsaya ƙofar shago yana leƙe,
ni kuma in ja kujerar roba gaban talabijin
in ga abin da ƙanena ya sa na aikata yau.

Nivaldo, ka canza mini suna, na gode.
Ka ba ni dogon wuya da jan baki,
ka ɗora ni kan takalmi mai tsini,
ni da silifa ta tsufa a ƙafata cikin garin fulawa.
Amma gidan burodin namu ne.
Na gane tsagar da ke bangon tanda,
na gane tarin Baba,
wanda yakan riga kalmar a'a fitowa.

A kashi na arba'in da biyu na ɓoye wasiyya a buhun sukari.
A na sittin na hana tsoho magani.
Jiya a kasuwar kifi wata mata ta ce,
"Yarinyar nan, in na kama ta sai na shaƙe ta."
Na ce, "Ni zan riƙe miki ƙafafunta."
Muka yi dariya har da tafawa,
ta ƙara mini kifi biyu gyara.

Ga abin da alƙalaminka ya tsallake:
wata goma sha ɗaya ina juya Baba a gado
kamar burodin da ake tsoron ya ƙone.
Kana Rio, kana aiko furanni
da kati mai kalmomin da suka fi ƙarfin gidanmu.
Ka iso bayan mun kakkaɓe ƙasar maƙabarta daga takalma,
ka tambayi takardun shago
kafin ka tambayi inda ya kwanta.

Ni ma kada in yi wa kaina kwalliya.
Na kira ka baƙo a gaban 'ya'yanka.
Na wurga maka makulli, ya faɗa kwata,
na tsaya ina kallo kana laluben sa da hannun riga.
An ce harshe da haƙori ma sukan saɓa,
amma su a baki ɗaya suke kwana.
Mu shekara bakwai ke nan.

Sai daren yau.
Ba kiɗa, ba kuka, ba wanda ya mari wani.
Muguwar ta tashi ƙarfe uku, babu jan baki,
ta hura tanda ita kaɗai,
ta yanke gefen burodin farko, ƙonannen nan,
ta naɗe a takarda ta ajiye kan taga.

Wa ya gaya maka?
Kana aji uku lokacin, barci kake yi.
Na ɗauka ka ɗauka daga sama yake faɗowa.

Lambarka na cikin gwangwanin maɓallai,
ƙarƙashin zare da tsohon rasit na lantarki.
Ta yi ƙara sau shida.
Na shirya maganar shekara bakwai,
abin da ya fito shi ne:
"Tandar ba a hagu take ba. A dama take.
Kuma Baba sau biyu yake tari, ba uku ba."

Shiru.
Ana tallan sabulu a gidanka da gidana,
murya ɗaya, tawa ta ɗan riga taka.
Ka ce, "Zuleide, kin ci abinci?"

Na ce kada ka kashe ta ranar Juma'a.
Ka ce an gama ɗauka tun watan jiya,
ko kai ba ka isa ka janye ba.
To, na ce, akwai jirgin safe.
Kujerar roba biyu gare ni,
ɗaya ƙafarta ta tsage, kai za ka zauna a kai.